Fasasshen madubi da ruwan da ya zube: wa ake bai wa dama a labaran soyayya na Sin?

Mai karanta labaran soyayya na ƙasar Sin a intanet ba ya shiga labari ido rufe. A manyan dandalan adabi irin su Jinjiang, wanda aka kafa a 2003, kuma mata suka fi yawa cikin marubutansa da makarantansa, kowane labari yana zuwa da ƴan laƙabai a goshinsa, kamar yadda ake manna sunan magani a jikin kwalba. Wani a ce masa tian, wato mai zaƙi. Wani a ce masa nüe, mai azabtarwa. Wani xian hun hou ai, a ɗaura aure tukuna so ya biyo baya. Wani kuma chongsheng, a mutu a dawo a sake rayuwa. Akwai wasu biyu da suka shafi zaman da ya lalace: po jing chong yuan, fasasshen madubi ya koma da'irarsa, da zhui qi huozangchang, bikon mata har gidan ƙona gawa.

Waɗannan laƙabai sun cancanci ɗalibin harshe ya tsaya a kansu, domin ƙaramin ƙamus ne da ɗimbin masu karatu suka amince da shi, kuma a cikinsa ake ganin ma'aunin da suke auna laifi da yafiya. Ra'ayina shi ne, yawancin labaran da ke cewa suna bai wa aure wata dama, miji suke bai wa ita, kuma abin da suke karɓa a hannunsa wahala ce maimakon gyaran hali. Waɗanda suka fi daraja a wannan fage su ne masu mayar da damar hannun matar, ko da labarin bai ƙare da mayar da aure ba.

Asalin madubin

Po jing chong yuan tana cikin maganganun hikima masu gaɓa huɗu da Sinawa ke kira chengyu, waɗanda da yawansu taƙaitawa ce ta wani tsohon labari. Labarin wannan yana cikin littafin Benshi shi na Meng Qi, daga ƙarshen zamanin daular Tang. An ce Xu Deyan, mijin gimbiya Lechang, ƴar'uwar sarkin ƙarshe na daular Chen, ya hango ƙasar za ta faɗi, ya kuma san in hakan ta faru za a kwashe matarsa cikin ganima. Sai ya raba madubin tagulla gida biyu, ya ba ta rabi ya riƙe rabi, suka yi alkawarin za ta sa a kai nata kasuwar babban birni a ranar sha biyar ga watan farko. Daular Chen ta faɗi a 589, gimbiya ta ƙare a gidan Yang Su, babban mayaƙin daular Sui. Xu ya yi ta gararamba har ya isa birnin, ya tarar da wani tsohon bara yana tallar rabin madubi da tsadar da ta sa mutane suke yi masa dariya. Ya fito da nasa rabin, suka haɗu daidai. Da labari ya kai ga Yang Su, sai ya mayar masa da matarsa.

Kalmar ƙarshe ta karin maganar, yuan, tana nufin abu mai da'ira, tana kuma nufin abin da ya cika. Daga gare ta aka samu tuanyuan, haɗuwar iyali bayan rabuwa. Madubin tagulla na wancan zamani galibi mai da'ira ne, ranar sha biyar ga watan Sinawa kuwa ita ce daren da wata ke cika. Hoto guda ne ya ratsa madubi da wata da aure.

Abin lura a nan shi ne babu mai laifi tsakanin Xu da matarsa. Yaƙi ya raba su. Fasa madubin ma da yardar juna aka yi shi, don ya zama shaidar alkawari, kuma rabi ya dace da rabi ne saboda kowa ya adana nasa. Labarin zamani da ya fi kusa da wannan ma'ana shi ne He yi sheng xiao mo na marubuciya Gu Man, wanda ya fara fitowa a Jinjiang, aka kuma mayar da shi wasan talabijin a 2015. He Yichen da Zhao Mosheng sun so juna a jami'a, rashin fahimta da wani tsohon al'amari tsakanin iyayensu ya raba su, ta tafi Amurka, bayan shekara bakwai suka sake haɗuwa, shi lauya ita mai ɗaukar hoto. Akwai fushi da taurin kai a tsakaninsu, amma kowannensu ya riƙe rabinsa.

Sinanci yana da wata karin maganar da ke tsaye daura da wannan: fu shui nan shou, ruwan da ya zube yana da wuyar kwasuwa. Ana danganta ta da Zhu Maichen, wani mai sayar da itace a zamanin daular Han, wanda yake tafe da kaya a baya yana rera karatunsa. Matarsa ta gaji da talauci da kunya ta bar shi. Daga baya ya zama gwamnan yankin Kuaiji. A wasannin kwaikwayon da aka gina a kan labarinsa a ƙarnonin baya, matar ta dawo tana roƙon ya mayar da ita, shi kuwa ya zubar da ruwa a gaban dokinsa ya ce ta kwashe. Ke nan tsohon harshe ya tanadi madubi ga ma'auratan da ƙaddara ta raba, ya tanadi ruwa ga namijin da ya ƙi yafe wa mace. Matar da mijinta ya wulaƙanta, ba a ajiye mata ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Yadda ma'ana ta zame

A yau laƙabin madubi ya faɗaɗa, ya rufe kowace irin rabuwa da ta ƙare da komawa, har wadda miji ne ya ɗauki madubin ya buga da ƙasa. Wannan faɗaɗar ma'ana abu ce da aka saba gani a kowane harshe, sai dai a nan ta tafi da wani abu mai muhimmanci, wato tambayar wane ne ya fasa. Laƙabi na biyu ya zo ne ya cike wannan giɓi. Cikakkiyar maganar, kamar yadda masu karatu ke faɗarta cikin raha, tana cewa azabtar da mata daɗi ne na ɗan lokaci, bikonta kuwa sai an kai gidan ƙona gawa. Da-na-sani ƙeya ce, in ji Bahaushe.

Tsarin irin wannan labari sananne ne har ya zama kamar awo. Miji attajiri ne mai sanyin fuska. Auren na yarjejeniya ne ko na haɗin iyaye, matar tana sonsa shi ba ya ganinta. A zuciyarsa akwai wata, wadda ake kira bai yueguang, farin hasken wata, sunan da ake dangantawa da wani labarin Eileen Chang na 1944 mai magana a kan farar fure da jar fure. Wata rana wannan tsohuwar masoyiya ta dawo daga ƙasar waje. Matar gida ta sha wulaƙanci, wani lokaci ta yi ɓari ko ta kamu da ciwo shi bai sani ba, a ƙarshe ta sa hannu a takardar rabuwa ta ɓace. Daga nan labari ya juya. Miji ya gane abin da ya rasa, ya daina barci, ya tsaya a ƙofarta cikin ruwan sama, ya kwanta asibiti, ya sallama dukiya, ya tare mata wuƙa ko mota da jikinsa. In an ga ya sha daidai gwargwado, sai a buɗe masa ƙofa.

Kalmar da ke riƙe da wannan gini duka ita ce nüe. A rubuce, harafinta yana ɗauke da kan damisa da farcenta. Masu karatu sun raba ta gida biyu: nüe xin, azabar zuciya, da nüe shen, azabar jiki. Suna kuma yi wa marubuciya lissafi, ko wahalar da miji ya sha a rabin ƙarshe ta kai wadda matar ta sha a rabin farko. In ba ta kai ba, su ce wutar ba ta ci sosai ba. Yafiya a nan ta zama ciniki, ana biyan zafi da zafi.

Abin da ya sa ake son su

Kafin a yi suka, ya kamata a yi wa masu karatun nan adalci. Dokar aure ta 1950 ta haramta auren dole a Sin, ta kuma bai wa mace ikon neman rabuwa, amma fita daga mummunan aure bai zama abu mai sauƙi ba har yau. Dokar hana cin zarafi a cikin gida sai a 2016 ta fara aiki. Daga 1 ga Janairun 2021, sashe na 1077 na kundin dokokin farar hula ya sanya wa ma'auratan da suka amince su rabu jiran kwana 30, kuma a cikin kwanakin nan ɗayansu kaɗai ya isa ya janye buƙatar. Wadda ta nufi kotu kuwa, masana irin su Xin He sun nuna cewa alƙalai sukan ƙi amincewa da ƙarar farko idan ɗaya ɓangaren bai yarda ba. A gefe guda, auren da aka yi wa rajista ya sauka daga kusan miliyan 13.5 a 2013 zuwa kusan miliyan 6.1 a 2024.

A irin wannan yanayi, labarin da mace ke ajiye takarda ta fita, namiji mai ƙarfi kuma ya durƙusa, yana ba da abin da rayuwa ba ta cika bayarwa ba: a ga wahalarki, a kira ta da sunanta, wanda ya jawo ta ya ɗanɗana. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma wanda ya raina ta bai san zafin a yi maka laifi a ce ba a yi komai ba. Wasu za su ƙara da cewa nishaɗi ne kawai, masu karatu manya ne, sun san bambancin littafi da ɗakin aure. Na yarda da rabin wannan. Babu wadda za ta zauna da azzalumi don kawai ta karanta labari. Amma abin da ake maimaitawa sau dubu yana gyara ma'aunin da mutum ke auna abubuwa da shi, kuma mu da muke nazarin harshe mun fi kowa sanin cewa maimaici ne ke mayar da baƙuwar magana ƴar gida.

Inda lissafin ya karkace

Matsala ta farko ita ce, ciwo ba ya gyara hali. Mutumin da ya kwana cikin ruwan sama ya kamu da zazzaɓi ya nuna yana so a dawo masa da abin da ya kuɓuce masa. Bai nuna ya fahimci dalilin da ya sa ya shekara uku bai tambayi matarsa lafiyarta ba. Sau da yawa ma halin da ya ɓata zaman shi ne yake yin bikon: wanda ya yi iko da ita jiya, yau yana bibiyarta, yana sayen kamfanin da take aiki, yana korar duk wanda ya matso kusa da ita, labari kuma ya kira wannan so.

Ta biyu, laifin yakan sauka a kan wata macen. A ƙarshe sai a gano farin hasken wata ce ta ƙirƙiri ƙarya, ta ɓoye wasiƙa, ta ci ladan wani alherin da matar gida ta yi. Miji ya fita a matsayin wanda aka yaudara. Da zarar an ce rashin fahimta ne, babu sauran abin da zai tuba a kansa, an mayar da labarin cin amana labarin Xu Deyan da ƙarfin tsiya.

Ta uku ita ce mafi nauyi. Don wutar rabin ƙarshe ta yi zafi, dole rabin farko ya yi muni, saboda haka haƙurin matar ya zama jari: gwargwadon abin da ta jure, gwargwadon nadamar da za ta girba. Darasin da ke ƙarƙashin wannan tsoho ne ƙwarai, ki daure, wata rana zai gane. Labarin da ya fara da kamannin tawaye ya ƙare yana faɗin abin da gwaggo da inna suka daɗe suna faɗa.

Wata hanyar

Adabin Sin ya san wata amsar tun kusan ƙarni guda. A 1923 Lu Xun ya yi wa ɗalibai mata a Beijing lacca a kan Nora, matar da ta fice daga gidan mijinta a wasan Ibsen, yana tambayar me zai same ta bayan fitar. Amsarsa ita ce in ba ta da kuɗin kanta, ko ta lalace ko ta dawo. A 1925 ya rubuta gajeren labarinsa Shangshi, inda Zijun ta bijire wa danginta ta zauna da Juansheng don so. Ya rasa aikinsa, talauci ya shigo, ya ce mata ya daina sonta, mahaifinta ya zo ya tafi da ita, ba da daɗewa ba ta rasu. Juansheng ne ke ba da labarin, cike da nadama. Ga namiji yana ƙuna, shekaru da yawa kafin a ƙirƙiri laƙabin gidan ƙona gawa, kuma Lu Xun bai bari ƙunarsa ta sayi komai ba.

Marubuciyar Hong Kong Yi Shu ta ɗauki sunayen nan biyu ta sake musu rayuwa a littafinta Wo de qian ban sheng, wato rabin farko na rayuwata, a farkon shekarun 1980. Zijun tata matar likita ce mai ƴaƴa biyu, wadda mijinta ya bari saboda wata bayan shekara goma sha uku. Da taimakon ƙawarta Tang Jing ta nemi aiki, ta koyi zama da albashi da wulaƙancin ofis, ta gano tana da hannun sana'a. Ba ta koma wa Juansheng ba. Ana iya sukar littafin da cewa ya ƙare da aura mata wani mai hali, amma ta isa wurin ne da ƙafafunta, bayan ta san za ta iya ci da kanta.

Labaran chongsheng na intanet, duk da almarar da ke cikinsu, suna bin wannan sawu ta wata fuska. A wani sanannen labari na Qian Shan Cha Ke, Shen Miao ƴar babban kwamanda ce da ta nace ta auri wani yarima, ta taimake shi ya hau gadon sarauta, shi kuma ya hallaka danginta ya sa aka kashe ta. Sai ta farka tana ƴar shekara sha huɗu, da sanin duk abin da ya faru. An sake lale, amma ita aka raba wa sabuwar karta, kuma abu na farko da ta yi da ita shi ne ƙin auren mutumin. A labaran da aka gina a kan zamanin da, akwai wata gwagwarmaya ta kalma da ke burge ni: matar takan ƙi karɓar xiu, sakin da miji ke yi shi kaɗai bisa ɗaya daga cikin dalilai bakwai da tsohuwar doka ta lissafa, ta nace sai heli, rabuwa da yardar juna, wadda dokar daular Tang ta san da ita. Aikatau na farko miji ne kaɗai mai aikata shi, na biyu kuwa sai da mutum biyu. Tana faɗa ne a kan nahawun rabuwarta.

Su kansu masu karatu sun fara gajiya da tsohon awo. Yanzu akwai labaran da ke sanar da mai karatu tun daga goshi cewa mijin zai ƙone amma ba zai samu ba, wani ne daban zai hau matsayinsa. Ruwan Zhu Maichen ya koma hannun mace. Wannan ma ramuwa ce, kuma ramuwa kaɗai ba ta isa ta zama adabi mai zurfi ba, amma aƙalla ta raba nadama da lada.

Idan aka zo fassara

Ranar da wani daga cikinmu zai zauna ya mayar da irin waɗannan labarai Hausa, zai tarar harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage. Muna da yaji, muna da biko, muna da zawarci, muna da kome. Kalmar biko ta kusa dacewa da zhui qi, shi ya sa na yi amfani da ita, amma akwai bambanci. Biko ana yin sa a gaban manya, a zauren uban mace ko waliyyinta, da shaidu da jin ta bakin kowa. Bikon labaran Sin na mutum ɗaya ne, ba shaida sai mai karatu. Namu yana da abin da nasu ya rasa, wato jama'ar da za ta riƙe miji da maganarsa. Yana kuma da nasa rauni, domin sau nawa ake rufe zaman da a yi haƙuri a koma ɗaki ba tare da an ambaci laifin ba? Balaraba Ramat Yakubu ta nuna wannan a Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990: Rabi, wadda mijinta ya kora da ƴaƴanta, ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci, amma da duniya ta juya wa mijin baya, ita aka matsa wa ta karɓe shi. Tambayar da ke damun makaranciya a Shanghai ba baƙuwa ba ce a Maraɗi ko Damagaram.

Saboda haka mai fassara, da mai nazari, da mai karatu don jin daɗi kawai, ina ganin tambayoyin da ya kamata su riƙe kaɗan ne. Wa ya fasa madubin, kuma labarin ya yarda ya faɗa? Da matar ta koma, tana da inda za ta je in ba ta koma ba? Mijin ya ambaci abin da ya yi da bakinsa, ko jikinsa kawai ya sha wuya? Ban ce kada a mayar da aure ba, a littafi ko a gida. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma akwai komen da ya fi auren fari albarka. Amma a tsohon labarin, Xu Deyan bai isa kasuwa da hawaye kaɗai ba. Ya zo da rabin madubin da ya adana duk tsawon rabuwar, aka gwada, ya dace.